Ɗaurin Kayan Manhaja: Abin Da Aka Ɗaure Shi Ake Kwancewa

A wannan mako za mu taɓo wata magana wadda da jin farko mutum zai ce ta masu aikin kwamfuta ce kaɗai, alhali kuwa ta shafi duk wanda ya taɓa miƙa sunansa da hotonsa da lambar wayarsa ga wani banki, ko asibiti, ko makaranta, ko ma'aikatar Gwamnati. Maganar kuwa ita ce yadda ake ɗaure rubutun manhaja, a fitar da shi daga kwamfutar wanda ya rubuta shi, a kai shi wurin da zai riƙa yi wa jama'a aiki dare da rana.

Abubuwa biyu ne suka sa muka ga ya kamata a tayar da zancen. Na farko, a shekarar 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin nan da ake kira 3MTT domin koya wa 'yan Nijeriya miliyan 3 sana'o'in zamani a Jihohi 36 da Birnin Tarayya, kuma cikin darussan da aka tsara har da sana'ar girka manhaja a bakin aiki. Watau ke nan samarinmu da 'yammatanmu na nan Kuje, da na Gwagwalada da Kwali da Bwari da Abaji, su ma ƙofa ta buɗe musu. Na biyu, a watan Yunin 2023 ɗin ne Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. To, waɗannan abubuwa biyu suna gamuwa ne a daidai sa'ar da mai manhaja ya ɗaure kayansa zai aika, domin a nan ne sirrin jama'a ya fi saurin sulalewa ba tare da kowa ya lura ba.

DAGA HUHU ZUWA KWANTENA

Ɗaurin kaya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yanzu, su kawo shi Kano da Sakkwato bayan tafiyar watanni, ribarsu tana hannun mai ɗaure huhu ne. Shi ke tsince goron ɗaya bayan ɗaya, ya fid da wanda sankara ta kama, ya shimfiɗa ganye mai faɗi, ya jera, sa'an nan ya ɗaure tamau. In ya yi sakaci ya bar ƙwaya ɗaya marar kyau, sai a kwance huhu a zango a tarar ɓarna ta bi sauran.

A zamanin nan kuwa akwatin ƙarfe ne ya gaji huhu. Ran 26 ga watan Afrilu, 1956, wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya da ake kira Malcom McLean ya loda akwatuna 58 a wani jirgin ruwa mai suna Ideal X, ya tashi daga Newark zuwa Houston. Kafin wannan rana, buhu-buhu da ganga-ganga 'yan dako ke loda jirgi, ana kashe kusan dala 6 a kan kowane tan, amma da akwatin ya zo sai kuɗin ya faɗo zuwa kimanin senti 16. Hikimar abin ita ce daga baya duniya ta yarda da awo ɗaya, ko mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40, ta yadda jirgin ruwa da jirgin ƙasa da tirela duk za su ɗauki akwatin ba sai sun san abin da ke ciki ba. Su ne kwantenonin da muke gani a bayan manyan motoci a hanyar Lakwaja zuwa Gwagwalada, su ne ake saukewa a tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023, kuma in sun tsufa a mai da su shago a bakin kasuwa.

Masu aikin kwamfuta sun ari sunan ne domin ciwonsu iri ɗaya ne da na masu jiragen ruwa. Kowace manhaja tana farawa ne a matsayin rubutu, wanda mutum ke zama ya rubuta da wani harshen kwamfuta kamar Python ko Java ko JavaScript. Wannan shi za mu riƙa kira rubutun tushe. Rubutun shi kaɗai ba ya aiki, sai an haɗa shi da mai fassara shi ga na'ura, da kayan aro masu yawa da wasu mutane suka rubuta, kuma kowanne sai ya zama samfurin da ya dace. Saboda haka sai ka ga manhaja tana aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, amma da an kai ta babbar kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima, wadda ake kira saba, sai ta ƙi tashi, ko ta tashi tana shirme.

Irin wannan bambanci ya taɓa cin wani kamfani ɗungurungum. Ran 1 ga watan Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital mai cinikin hannun jari a Amurka ya sa sabuwar manhaja a manyan kwamfutocinsa guda 8, amma aka manta da ɗaya, ta ci gaba da aiki da tsohon rubutu. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400, kuma bai sake miƙewa da ƙafarsa ba. Mu ma nan gida mun ga yadda ƙaramin kuskure a kan saba ke zama babbar magana, domin a rahoton da Hukumar Zaɓe ta fitar a 2024 ta ce kuskuren tsari ne a manhajarta ya hana ɗora sakamakon zaɓen Shugaban Ƙasa a kan lokaci ran 25 ga watan Fabrairu, 2023.

A watan Maris na 2013 ne wani matashi mai suna Solomon Hykes ya nuna wa duniya wata dabara da ya kira Docker. Tushen dabarar ya daɗe, tun 1979 ake iya keɓe manhaja a wani lungu na kwamfuta mai tsarin Unix, kuma a 2008 aka ƙara wa Linux hanyar yanka wa kowace manhaja rabonta na ƙarfin na'ura. Abin da Docker ya kawo shi ne sauƙi: a haɗa rubutun tushe da mai fassara da kayan aro duka a ɗauri guda, wanda duk inda aka kai shi zai yi aiki iri ɗaya. A 2015 manyan kamfanoni suka taru suka amince za su tsara awo ɗaya na wannan ɗauri, kamar dai yadda aka yi wa akwatin ƙarfe. Ɗaurin da aka gama shi ake kira sura, shi kuwa kwantena shi ne surar in an tashe ta tana aiki. Misalinsu kamar hatimi ne da bugunsa, hatimi ɗaya ne, amma ana iya buga shi sau dubu, kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa.

YADDA AKE ƊAURIN

Domin a fahimci aikin sosai, bari mu ƙaddara cewa wani saurayi a nan Kuje ya rubuta wa wata ƙungiyar manoman doya ta yankin Rubochi ko Gaube manhajar rubuta sunayen membobi, da adashinsu, da bashin takin da kowa ya karɓa. Duk aikinsa yana cikin jaka ɗaya a kwamfutarsa. A cikin jakar akwai rubutun tushe, wanda watakila bai wuce megabayit 5 ba. Amma akwai wasu abubuwan da suka taru a hankali. Akwai wata ɓoyayyiyar jaka ta Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke adana tarihin duk wani gyara da aka taɓa yi tun ranar farko. Akwai kayan aro da ya sauko da su daga intanet, waɗanda kan kai ɗaruruwan megabayit. Akwai wani ɗan fayil da ya rubuta kalmomin sirri a ciki, na shiga rumbun bayanai da na kamfanin da ke karɓa wa ƙungiyar kuɗi. Watakila kuma akwai kwafin ainihin sunayen manoman da lambobin wayarsu, wanda sakataren ƙungiya ya ba shi domin gwaji.

Mataki na farko, saurayin zai ba da umarnin gini, kuma a ƙarshen umarnin yakan ɗiga aya guda. Ma'anar wannan aya ita ce, jakar nan da nake ciki, duk abin da ke cikinta. Nan take na'ura za ta tattara fayilolin ta ɗinke su su zama ƙunshi ɗaya, da wata tsohuwar dabara mai suna tar wadda aka yi tun 1979 domin adana bayanai a kan tef, sau da yawa kuma ta matse ƙunshin da gzip, wanda ya fito a 1992. Wannan shi ne ƙunshin gini, kuma shi ake miƙa wa magini, watau manhajar da za ta haɗa surar. Magini yana iya kasancewa a kwamfutar saurayin, yana kuma iya kasancewa a wata ƙasa. Alal misali, wanda ke aiki da hidimar gini ta kamfanin Google, ƙunshinsa yakan bi intanet ne a ajiye shi a ma'ajiyar kamfanin kafin a soma gini, kuma yakan zauna a can bayan an gama, sai fa in an share shi.

Mataki na biyu, magini zai buɗe wata takardar umarni da ake kira Dockerfile, ya bi ta layi-layi. Layin da ya fara da FROM yana faɗin harsashin da za a ɗora gini a kai, watau wata surar da wasu suka riga suka haɗa, mai ɗauke da Linux da mai fassara. Layin COPY yana kwaso fayiloli daga ƙunshi ya zuba su cikin sura. Layin RUN yana yin wani aiki, kamar sauko da kayan aro. Layin CMD kuwa yana faɗin abin da za a tayar in an kunna kwantena. Kowane layi na kwasowa ko na aiki yana haifar da hawa guda, ana ɗora wani bisa wani kamar jerin tubali, kuma hawan da aka gama ba a sake taɓa shi.

Mataki na uku, za a lissafa wa kowane hawa, da ita surar baki ɗaya, wata lamba mai haruffa da alƙaluma 64, bisa lissafin da ake kira SHA-256. Wannan lamba kamar zanen yatsa take, ko waƙafi ɗaya aka sauya a cikin kayan, lambar za ta sauya gaba ɗaya. Sa'an nan a tura surar wani rumbu, irin su Docker Hub ko rumbun da ma'aikata ta gina wa kanta. Daga rumbun ne saba za ta jawo surar ta tashe ta, in kuma wurin babba ne, wata manhaja mai suna Kubernetes, wadda Google ya fitar a 2014, ita ke rarraba kwantenoni ga kwamfutoci da yawa, in wani ya faɗi ta tayar da wani a madadinsa.

ABIN DA YA SHIGA BA YA FITA

To, a ina gizo ke saƙa? Yawancin 'yan koyo, har da wasu gwanaye masu gaggawa, sukan rubuta layin COPY da aya biyu, ma'ana a kwashe duk abin da ke cikin ƙunshi a zuba a sura. Sabon maginin Docker mai suna BuildKit, wanda ya zama shi ake amfani da shi kai tsaye tun 2023, yana ɗaukar fayilolin da takardar umarni ta nema ne kawai, amma in takardar ta ce a kwaso duka, ai duka zai kwaso. Ta haka kalmomin sirrin saurayinmu, da tarihin Git, da sunayen manoman Rubochi, duk sai su bi doya zuwa kasuwa.

Wani zai ce, ai sai in ƙara layi a ƙasa in share fayil ɗin. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Tun da hawan da aka gama ba a sake taɓa shi, sharewar ba ta cire komai, alama kawai take sawa a hawan sama cewa kada a nuna wannan fayil. Kamar mutum ne ya manta takardar gonarsa a cikin bango, ya zo ya yi yaɓe a kai. Mai wucewa ba zai gani ba, amma duk wanda ya ɓanɓare yaɓen zai same ta yadda aka bar ta. Ɓanɓarewar kuwa ba ta da wuya, domin kowane hawa shi ma ƙunshin tar ne, duk wanda ya sami surar yana iya kwance shi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. A 2023 masu bincike na Jami'ar RWTH da ke Aachen a ƙasar Jamus sun bincika surori 337,171 daga Docker Hub da wasu rumbunan da aka bari a buɗe, suka tarar kashi 8.5 cikin 100 suna ɗauke da sirri, ciki har da mabuɗan sirri 52,107. A 2016 wani mai bincike ya tarar da rumbun manhajar bidiyo ta Vine, mallakar kamfanin Twitter na lokacin, a buɗe ba ƙofa, ya jawo sura ya sami rubutun tushenta gaba ɗaya da mabuɗanta, aka ba shi tukuicin dala 10,080 saboda ya kai rahoto maimakon ya yi ɓarna. A 2021 kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Wasu ɓarayi sun zaro mabuɗi daga surar wani kamfani mai suna Codecov, saboda kuskuren da aka yi wajen haɗa ta, suka yi amfani da shi suka gurɓata wata 'yar manhaja da kamfanin ke rarraba wa abokan cinikinsa. Daga ƙarshen watan Janairu har zuwa 1 ga watan Afrilu suna kwasar sirrin kamfanonin da suka amince da Codecov, kuma asirinsu ya tonu ne da wani abokin ciniki ya gwada zanen yatsan fayil ɗin ya ga bai yi daidai da wanda aka sanar ba.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne, tun ran gini tun ran zane. Da farko akwai wani ɗan fayil da ake kira .dockerignore, inda mutum ke jera abubuwan da bai yarda su shiga ƙunshi ba, kamar jakar Git, da fayil ɗin kalmomin sirri, da kwafin bayanan jama'a, da kayan aron da aka sauko da su. A lura da kyau, Git yana da nasa jerin mai suna .gitignore, kuma mutane da yawa suna zaton shi ma yana kare su, alhali Docker ba ya duba shi ko kaɗan. Na biyu, tun 2017 ana iya yin gini mai zango biyu, a yi duk aikin ƙura a zangon farko, sa'an nan a ɗauki abin da aka gama kawai a zuba shi a sabuwar sura mai tsabta, a yar da sauran. Na uku, in gini yana bukatar mabuɗi, BuildKit yana da hanyar ara masa shi na ɗan lokaci ba tare da ya zauna a wani hawa ba. Kalmomin sirrin da manhaja ke bukata wajen aiki kuwa, a kan saba ake miƙa mata su sa'ad da aka tashe ta. Na huɗu, in har mabuɗi ya riga ya shiga surar da aka tura rumbu, to, a ɗauka ya fita hannu, a soke shi a yi sabo, domin share surar ba zai dawo da kwafin da wani ya riga ya jawo ba.

NAUYIN KAYA DA KAYAN ARO

Bayan sirri akwai maganar nauyi, wadda ta fi damun mu da ke sayen data da kuɗin aljihu, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025. In ƙunshin saurayinmu ya kai megabayit 800 saboda tarkacen da bai tace ba, kuma yana aika shi sau 10 a rana sa'ad da yake gyare-gyare, gigabayit 8 ke nan a yini guda, domin aika rubutun da bai wuce megabayit 5 ba. Ga jira in hanyar sadarwa ta yi rauni, ga fargabar ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikawa. Hanyar da ta fi ita ce ya tura gyaransa kawai zuwa ma'ajiyar Git, ya bar wata saba ta ɗauko rubutun daga can ta yi ginin. Ribar biyu ce, data kaɗan zai kashe, kuma abin da bai sa a Git da hannunsa ba, ba zai taɓa shiga sura ba.

Haka kuma zaɓen harsashi yana da tasiri. Surar Alpine Linux kimanin megabayit 5 ce, alhali cikakkiyar surar wasu harsunan takan kai gigabayit 1. Jerin layuka ma yana da nasa amfani, domin magini yana ajiye hawan da ya gama, ba ya maimaita shi sai in wani abu ya sauya a gabansa. Mai dabara yakan fara kwaso jerin kayan aro ya sauko da su, sa'an nan ya kwaso rubutunsa a ƙarshe, ta yadda in ya gyara layi ɗaya ba sai an sake sauko da komai daga farko ba.

Kayan aron nan su ma abin lura ne, domin yawancin abin da ke cikin sura ba saurayinmu ne ya rubuta ba. A watan Maris na 2016 wani mutum ya yi fushi ya janye wata 'yar manhaja mai layi 11 mai suna left-pad daga rumbun npm, nan da nan gini ya tsaya a dubban wurare a duniya, har sai da aka mayar da ita. A watan Maris na 2024 kuma, wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar baya a manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara 2 yana taimakawa a aikin har aka amince da shi, da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne, ɓangaren da ke tayar da tarkon ba ya cikin ma'ajiyar Git inda idon jama'a yake, a cikin ƙunshin tar da ake rarrabawa aka cusa shi. Rubutun da aka duba daban, ɗaurin da aka aika daban.

Saboda haka gwanaye ba sa cewa a ba su sura mafi sabunta kawai, domin suna irin wannan yau yana nufin wani abu, gobe ya nufi wani. Sukan kira harsashi da kayan aro da lambar samfurinsu, ko ma da zanen yatsansu, domin ginin yau da na baɗi su fito iri ɗaya, sa'an nan su riƙa sabuntawa da saninsu in an gano wani lahani. Har wa yau ya kamata mu tuna da ran 14 ga watan Maris, 2024, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda 4, watau MainOne da WACS da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga wahala na kwanaki. Ma'aikatar da ke jawo harsashinta daga rumbun ƙetare duk lokacin da za ta yi gini, a irin wannan rana ko gyaran gaggawa ba za ta iya turawa ba, sai fa in tana da kwafi a rumbu na cikin gida.

KIRA GA MASU BA DA KWANGILA

Yanzu sai mu juyo ga shugabannin da ba su san harshen kwamfuta ba, amma su ke sa hannu a takardar kwangila, ko a Majalisar Yanki ne, ko asibiti, ko makaranta, ko ƙungiyar gama kai. Dokar 2023 ba ta san ɗan kwangila kaɗai ba, mai riƙe da bayanan shi ma yana da alhaki. Ta ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72. Tarar kuwa ga manyan masu riƙe da bayanai takan kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga ƙanana kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Amma babbar asarar tana kan manomin da lambar wayarsa da adadin ajiyarsa suka faɗa hannun 'yan damfara, ko wasu da suka fi su mugunta.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Duk wanda aka kawo wa manhaja, yana da haƙƙin ya yi tambayoyi biyar, kuma ba sai ya yi karatun kwamfuta ba. Ina rubutun tushe yake, kuma da sunan wa aka buɗe ma'ajiyarsa, da sunan ma'aikata ko na ɗan kwangila? Ina takardar umarnin gini da jerin abubuwan da aka hana shiga ƙunshi? A wane rumbu aka ajiye surar, a buɗe yake ga kowa ko a kulle? Wa ke riƙe da mabuɗai, kuma za a sauya su ranar da kwangila ta ƙare? Ina jerin kayan aron da ke cikin surar, kamar yadda direban tirela ke riƙe da takardar lissafin kayan da ya ɗauko? Wannan tambaya ta ƙarshe Gwamnatin Amurka ta sa ta cikin wani umarnin Shugaban Ƙasa a watan Mayun 2021, kuma amfaninta ya fito fili a watan Disamba na shekarar, da aka gano lahani a wani kayan aro mai suna Log4j, ma'aikatu suka yi ta lalube ba su san ko yana cikin kayansu ba.

Muna kuma kira ga Hukumar NITDA, wadda aka kafa tun 2001 domin bunƙasa fasahar sadarwa, da kamfanin Gwamnati na Galaxy Backbone mai kula da cibiyoyin ajiyar bayanai a Abuja da Kano, da su sa waɗannan tambayoyi cikin sharuɗɗan da kowane ɗan kwangilar manhaja zai cika, su kuma ƙarfafa wa ma'aikatu gwiwar ajiye surorinsu a rumbuna na cikin ƙasa. Malaman da ke koyar da matasa su ma muna roƙonsu, ranar da suka koya wa ɗalibi layin COPY, a ranar su koya masa tace ƙunshi, su sa shi ya kwance surar da ya haɗa da hannunsa ya ga abin da ya zuba a ciki.

Ku kuma samari da 'yammata masu koyon wannan sana'a, ku sani aiki ne mai kasuwa a gida da waje, kuma mutum yana iya yin sa daga ɗakinsa a Chibiri ko Pegi in akwai wuta da hanyar sadarwa. Amma amana ce, domin sunayen da ke cikin jakarku na iyayenku ne da maƙwabtanku. Kafin ku ɗiga ayar nan ku ba da umarnin gini, ku buɗe jakar ku duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, yadda mai ɗaure huhu ke tsince goro.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba inda waɗannan manyan kwamfutoci suke zaune, da abin da ake kashewa wajen ba su wuta da sanyi a ƙasa irin tamu. Kafin nan muna sauraron wasiƙunku da tambayoyinku. Allah ya sa mu dace, amin.